Cigiyar dangi ta waya: yadda muka bi sawun kakanninmu daga Kano zuwa Kumasi da Sinnar

Kakan babana su uku ne ɗaki ɗaya. Shi ne na tsakiya, shi ne kuma ya zauna a gida, a wani ƙauye kusa da Bebeji. Wansa ya bi ayarin fatake zuwa Gwanja, a arewacin Gana ta yau, sayen goro, ya yi ta kai da kawowa har wata shekara ya tafi bai dawo ba. Ƙanensu kuwa ya rataya gafakarsa ya nufi gabas da ƙafa da niyyar aikin hajji, shi ma shiru kake ji. A gidanmu ba a kama sunansu, sai dai a ce Na Gwanja da Na Gabas. Iyakar abin da na taso na sani ke nan, da shi kuma na fara shekara huɗu da suka wuce. Yau muna da jadawali mai ɗauke da mutum sama da 600, muna gaisawa da jikokin Na Gwanja a Kumasi kusan kullum, kuma akwai wani gida a yankin Sinnar ta Sudan da muke kyautata zaton tsatson Na Gabas ne, ko da yake ba mu buga masa hatimi ba tukuna. Tun da labari ya bazu ake tare ni a wurin ɗaurin aure ana tambayata ta ina ake farawa. Ga yadda muka yi, har da inda muka yi tuntuɓe.

Kuskurena na farko shi ne buɗe zauren WhatsApp na dangi kaf. Na zuba mutum 140 a ciki, na rubuta dogon jawabi kan muhimmancin sanin asali, na kwanta ina jin na yi abin kai. Kafin sati biyu zauren ya koma dandalin barka da Juma'a, sanarwar rasuwa, tallan atamfa da musun siyasa. Duk tambayar da na jefa sai ta nutse a ƙarƙashin hotunan furanni. Mai amsar kuma ba ta ma cikin zauren, domin tsohuwa ce da ta haura 80, ba ta riƙe waya sai an kara mata a kunne.

Saboda haka ka bar babban zaure ya ci gaba da zumuncinsa, ka buɗe ƙarami na masu aiki. Mu biyar muka fara, kuma ba girma aka duba ba, abin da kowa zai iya aka duba. Ƙanwata, domin ita ce ke shiga ɗakin kowace tsohuwa ta zauna a bakin gado. Ɗan baffana direban babbar mota, wanda ba garin da ba ya ratsawa. Wani ƙanenmu malamin allo mai karanta ajami da Larabci. 'Yar yayata da ke jami'a, ita ce mai kwamfuta. Sai ni mai tsare rubutu. Daga baya duk reshen da muka gano mukan ɗauki mutum ɗaya daga cikinsa. Dokar zauren guda ce: ba a turo komai sai abin da ya shafi aikin. Wanda ya turo wa'azi, komai daɗinsa, a goge a ba shi haƙuri.

A bakin gadon Gwaggo

Maza sun san jerin maza, wane ɗan wane ɗan wane, daga nan sai su tsaya. Mata ne suka san wa ya auri wa, wa ta fita wa ta maye ɗakinta, wane yaro aka kai riƙo, wane ne agola, wace ce ta shayar da wane da uwarsa ta rasu a kan gwiwa. Mafi yawan abin da ke jadawalinmu daga bakin tsofaffi mata uku ya fito, babbarsu gwaggon babana, autar wancan na tsakiyan. Ta rasu bara, Allah ya jiƙanta. Muna da muryarta ta awa 11, kuma in da na ɓata wata shekara guda ina jawabi a zaure da ba mu samu ko minti ɗaya ba. In akwai irinta a gidanku, ajiye wannan rubutu ka je yau.

Zuwa wurin tsohuwa yana da ladabi. A riƙa ɗan goro ko turare ko sabulu. A nemi izininta kafin a kunna ɗaukar murya, a kuma gaya mata su wa za su ji. Da an kunna, mai tambaya ya fara da faɗin kwanan wata, gari, da wadda ke magana, domin bayan wata shida ba wanda zai tuna. Kada a tilasta mata kiran sunan mijinta ko surukinta ko ɗanta na fari, ba za ta kira ba, za ka dai sa ta rufe baki gaba ɗaya. Ƙanwata takan kira sunan da kanta, Gwaggo ta ce "shi fa". Kada a gyara mata magana ko da ka san ta rikice. Rubuta, ka dawo wani satin ka tambayi abin ta wata ƙofar. Mun lura ziyarar farko gaisuwa ce kawai, sai a ta uku ake fara jin abin da ba a faɗa a tsakar gida.

Kada kuma ka ce mata "a wace shekara?" Ba haka suke riƙe lokaci ba. Tambaye ta abin da ya faru a gari sannan, da girman yaron: yana goye, an yaye shi, an yi masa kaciya, ta isa talla, an sa ta a lalle. Kai ne za ka mayar da shi lissafi. Mu a ƙasar Kano ga turakun da muke ɗaure labari a jikinsu: Basasar Tukur da Alu daga 1893, zuwan Bature a 1903, isowar layin dogo a 1911, yunwar Kakalaba a 1914, annobar Marisuwa a 1918, rasuwar Sarki Abbas a 1919, yunwar 'Yar Buhu a 1927, zamanin Sarki Alhaji daga 1926 zuwa 1953, zuwan Sarauniya a 1956, rasuwar Sardauna a 1966, canjin hannu a 1972 da canjin kuɗi a 1973. Kowace ƙasa da nata turakun, kuma sunan yunwa ɗaya yakan bambanta daga gari zuwa gari, don haka ku tsara naku ku liƙa a saman zaure kowa ya gani.

Ga amfaninsu. Baffanninmu sun tsaya kai da fata cewa Na Gabas ya bi hijirar Sarkin Musulmi Attahiru ne a 1903, wadda ta kai ga yaƙin Burmi, wadda kuma ragowarta suka wuce Sudan tare da ɗansa Mai Wurno. Labari ne mai daɗin faɗa, kowa na son a ce kakansa ya ƙi zama a ƙarƙashin Nasara. Amma Gwaggo ta ce ya tafi ya bar ɗa an yaye shi, ɗan kuwa an haife shi shekarar da jirgin ƙasa ya fara shigowa Kano. In haka ne, tafiyar ta faɗo daidai Kakalaba, wato yunwa ce ta taya niyyar hajjin tashi. Ba mu goge maganar baffanni ba. Duka biyun suna nan a rubuce, kowace da sunan mai ita, na kuma rubuta a gefe wadda na fi karkata gare ta da dalilina.

Kowace magana da mai ita

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin, in ka rasa shi ka rasa komai. Idan mutum goma a gari biyar suna zuba labari a wuri ɗaya, cikin wata biyu "an ce" yakan rikiɗe ya zama "tabbas", ba wanda ya san inda ya rikiɗe. Wani ya yi hasashe a saƙon murya, wani ya maimaita wa kakarsa, kakar ta faɗa wa na uku, na ukun ya dawo da shi zaure a matsayin sabuwar shaida. Ya faru da mu. Sai da muka bi diddigi muka tarar ni ne tushen maganar, hasashena ne ya zaga gari ya dawo mini da rawani.

Malaminmu na allo ne ya kawo gyara. Ya ce ai malaman hadisi sun gama wannan aikin tuntuni, ba a karɓar magana sai da isnadi. Tun daga ranar kowane bayani a jadawalinmu yana tafe da wanda ya faɗa, ranar da ya faɗa, da matsayinsa cikin uku: ya gani da idonsa, ya ji daga wanda ya gani, ko faɗar gida ce kawai. Takarda kuma a faɗi a hannun wa take.

Jadawalin kansa a Google Sheets yake, domin kyauta ne, yana buɗuwa a waya, kuma yana ajiye tarihin gyara, in wani ya yi ɓarna a koma baya. Mutum biyu kaɗai ke da ikon gyarawa, saura su duba su bar sharhi. Kowane mutum layi ɗaya da lambarsa, sannan gurbin sunan yanka, laƙabi, lambar uba, lambar uwa, garin haihuwa, inda aka binne shi, sana'a. Muka ƙara gurbi biyu da ba za ka samu a tsarin Turawa ba: wanda ya riƙe shi, da wadda ta shayar da shi. Na farkon domin rabin rikicin salsala daga riƙo yake fitowa, yaro ya tashi yana amsa sunan baffansa ko kawunsa har a takardar makaranta. Na biyun kuwa ba sai na faɗa ba, maganar aure ce, kuma har an taɓa buɗe jadawalin don ita.

Lambar nan kada ka raina ta. Muna da Muhammadu 47. Mutum ɗaya kuma yakan zo maka da suna huɗu: Abubakar a wurin liman, Garba a kasuwa, Habu a wurin abokai, Baffa a cikin gida don sunan kakansa aka mayar masa. A'ishatu ita ce Indo, Hauwa ita ce Kulu, Fatima ita ce Binta, Usman shi ne Shehu, Umaru shi ne Sanda, Yusufu shi ne Maitama. Laƙabin ma shaida ne in ka iya karanta shi. Tanko yana gaya maka mata ne a gabansa, Kande maza ne a gabanta, Gambo ya biyo tagwaye, don haka in ka ga Gambo babu tagwaye a jerin, to akwai waɗanda suka rasu suna ƙanana aka daina ambatonsu. Da ka tsallaka iyaka rubutun ma sai ya sauya. A Nijar Usman ya koma Ousmane, Yusufu ya koma Issoufou. A Gana za ka ga Abdulai da Iddrisu da Seidu. In kana neman mutum a Facebook ka gwada duka, har da rubutun Larabci.

Abu biyu na hannu kafin in wuce. Hoton takarda a ɗauke shi da rana a inuwa, shafin gaba ɗaya har gefensa, a kuma tura shi a matsayin fayil ba hoto ba, domin WhatsApp yana matse hoto har wasalin ajami ya ɓace. Saƙon murya kuma a fitar da shi daga zaure a ranar, a sa masa suna mai ma'ana, a ajiye a wuri biyu. An ƙwace wayata a shekarar farko, ta tafi da hirar wani tsoho da ya rasu wata biyu bayan haka. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Yadda ake cigiya

Wanda akuyarsa ta ɓace ba ya faɗin duk kamanninta a kasuwa. Yakan rage alama ɗaya ko biyu, wanda ya ce tana wurinsa shi zai faɗe su. Haka za ka yi in ka fita neman dangi a intanet.

Muka rubuta gajeriyar cigiya da Hausa da Turanci, muka sa a zaurukan Facebook na mutanen zango a Gana: bafatake daga wajen Bebeji, mai safarar goro, ya daina zuwa gida bayan zuwan Bature, ga sunansa da na mahaifinsa, ga irin tsagar fuskar gidanmu. Muka ɓoye biyu, sunan mahaifiyarsa da kuma cewa yana ɗingishi tun da kurkunu ya kama shi a ƙafa. Sanin ɗan tarihi ya taimaka wajen zaɓen inda za mu sa ta. Salaga ce babbar kasuwar goro ta Gwanja, amma yaƙin 1892 ya watsa fatakenta zuwa wurare irin su Kete Krachi, inda Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya ƙare rayuwarsa a 1934, daga baya kuma harka ta tattara a Kumasi. Alhassan Ɗantata ma, ɗan Bebejin nan, da goron wannan hanya ya fara. Don haka ba Salaga kaɗai muka nufa ba. Mun kuma tambayi gida ko akwai waɗanda suka dawo lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi a ƙarshen 1969, domin irinsu sukan riƙe adireshin waɗanda suka bari a can.

Mutum 11 suka amsa. Uku daga ciki kafin mu gama gaisawa sun kawo maganar mara lafiya a asibiti. Wasu da zuciya ɗaya suka zo, sai dai kowane gidan zango yana da kakan da ya zo daga Kano da goro, kuma kowa yana son ya zama shi ne. Tambayar da muke yi wa kowa ɗaya ce, ba kuma mai nuna hanya ba: me kuka sani game da jikinsa, kuma sunan wa ya sa wa 'yarsa ta fari? Wani matashi daga Aboabo a Kumasi ya ce bai sani ba, amma zai kai wa kakansa waya. Wannan amsar ta fi kwanta mini a rai fiye da ta masu saurin cewa e. Bayan kwana biyu sai ga muryar dattijo yana cewa kakansu da sanda yake tafiya, ƙafarsa ɗaya ta shanye tun yana saurayi, 'yarsa ta fari kuwa ba a kiran sunanta a gidan domin sunan uwarsa ce, amma ga sunan. Ƙanwata ta kunna wa Gwaggo, ta sa aka maimaita mata sau uku.

Duk da haka ba mu haɗa reshen a jadawali ba sai da aka yi kiran bidiyo tsoho da tsohuwa, sannan ɗan baffana ya bi ta Legas da Kwatano da Lome ya je ya kwana uku a gidan, ya ga kabarin, ya ga tsagar a fuskar dattijon. Zumunci a ƙafa yake, waya ɗan aike ce. Kuma har ya dawo ba a tura wa kowa ko sisi ba. Ka kafa wannan doka tun farko, ta fi sauƙin faɗa kafin a saba.

Wani abin dariya da zai iya samunka: Hausar Gana ba ta cika raba mace da namiji ba, "ya" ake ce wa kowa. Wata uku muna ɗauke da wani mai laƙabin Gambo a matsayin namiji, "ya haifi biyar, ya yi sana'ar koko", muna ta neman sunan matarsa. Ashe tsohuwa ce. Yanzu duk sunan da ya zo daga can sai mun tambaya, mace ko namiji?

Ta gabas aikin ya fi wuya. Alhazan ƙafa sukan bi ta Borno, Fallomi wadda ake kira Njamena yanzu, Abeshe, su shiga Darfur, su yi shekaru suna noma da ƙwadago a hanya kafin su kai bakin Bahar Maliya. Da yawa ba su kai ba, da yawa sun kai sun dawo sun zauna a Sudan, musamman da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 gonakin audugar Jazira suka buɗe. Can ana kiransu Fallata ko Takari, tsofaffi na jin Hausa, matasa kuwa da Larabci suke rubutu, don haka sai da mai Larabci a zaure. Wani ɗan unguwarmu da ya yi karatu a Kartum ne ya haɗa mu da wani gida. Abin da ke taimakawa a Sudan shi ne takardunsu na hukuma suna ɗauke da suna huɗu, na mutum da ubansa da kakansa da kakan ubansa, wato salsala ce a katin shaida. Sunaye uku sun dace da namu, sun kuma ce daga ƙasar Kano kakansu ya taso. Amma sunayen irin waɗanda ke kowane gida ne, ba su isa hujja ba. Muna cikin haka yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. Lambar ta mutu wata da watanni, da ta dawo kuma daga Gadarif da ke gabashin Sudan ta dawo, dattijon da muke sa rai da shi ya rasu a gudun hijira. A irin wannan hali sai ka ajiye tambayar salsala ka tambayi lafiya tukuna.

Takardu, manyan shafuka da gwajin jini

Takardar da ta fi amfani tana cikin gidanku. Duba bangon tsohon Alƙur'ani na hannu da littattafan da ke gafaka, malamai sukan rubuta haihuwa da rasuwa a can, mai kwafe littafi kuma yakan sa sunansa da na ubansa a ƙarshe. In shekarar Hijira ce, cire kashi uku cikin ɗari ka ƙara 622, za ka faɗo kusa: 1321 ta ba ka 1903. Duba takardar rabon gado ta alƙali, takardar gona, tsohon fasfon hajji, rasit ɗin haraji, da bayan hoto inda mai hoto ke buga hatimin shagonsa da sunan gari.

Gidajen adana tarihi kuwa ka je da madaidaicin buri. A na ƙasa da ke Kaduna akwai rahotannin da jami'an Turawa suka rubuta lokacin ƙiyasin haraji, gunduma gunduma, masu bayanin yadda aka kafa ƙauyuka, jerin dagatai da sana'o'in mutane. Da wuya ka ga sunan kakanka in ba mai sarauta ba ne, amma za ka ga duniyar da ya rayu a ciki. Akwai Arewa House a Kaduna, Gidan Ɗan Hausa a Kano, da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato. Babban ɗakin karatu na Birtaniya ma yana da shirin ceto tsofaffin takardu, ya ɗauki hoton wasu na Kaduna da na Tamale ya sa a intanet kyauta. A nan aikin gayya yake da daɗi: mai data ya sauke, mai Turanci ya karanta, na kusa ya je da ƙafa.

FamilySearch shi ne babban shafin salsala na kyauta, har sun tattara salsalar baka a sassan Gana da Nijeriya. Ka san abu biyu kafin ka zuba sunayenku. Bishiyarsu guda ɗaya ce ta kowa da kowa, wani da ba ka sani ba yana iya gyara kakanka. Sannan na cocin Mormon ne, waɗanda a addininsu ake yi wa matattu baftisma a madadinsu, ko da yake ƙa'idarsu ta ce mutum danginsa zai gabatar. Mun kai maganar gaban manya, suka ce a riƙa dubawa amma kada a ɗora. Don zana bishiya muna amfani da Gramps, manhaja ce ta kyauta da ke zaune a kwamfutarka ba sai da intanet ba. Duk irin waɗannan sukan nemi sunan iyali, abin da ba mu da shi. Mu sunan uba muke sawa a gurbin, kowa da kowa, ba togiya.

Gwajin ƙwayar halitta, wanda ake tofa yawu a kwalba a aika waje, ban hana ba amma ban sa kowa ba. Rabon da kake ɗauka daga kowane kaka yana raguwa da rabi a kowane hawa, bayan hawa biyar ko shida ya dusashe. Auren zumunci kuma yana rikita lissafin, ya nuna na nesa kamar na kusa. Hausawan da suka yi gwajin ba su da yawa, don haka waɗanda za su fito maka galibi 'yan Amurka ne ko Birazil, jikokin waɗanda aka sayar aka tsallaka da su teku. Ba abin mamaki ba ne, an san Hausawa a cikin bayin Bahia ta Birazil da suka yi ta tawaye a farkon ƙarni na 19. In irinsu ya rubuto maka, ka amsa da mutunci, ka gaya masa abin da ka sani na ƙasarku, kada ka ƙirƙira masa kaka don ka faranta masa. Ka kuma tuna a 2023 an sace bayanan miliyoyin mutane daga ɗaya daga cikin manyan kamfanonin. Mafi girma, gwajin yana iya tono abin da shari'a ta rufe, tun da hukuncin shi ne ɗa na mai shimfiɗa ne.

Abin da ba a sawa a zaure

Duk wanda ya tona asali zai ci karo da abin da bai nema ba. Mu mun tarar matar da ta haifi reshen Kumasi a kasuwar Salaga aka saye ta. Su can suna faɗa ba tare da wani nauyi ba, har sun san yankin da aka kamo ta. A gida ne wasu suka ce a cire. Muka yanke cewa maganar kowane reshe, reshen ne ke da ikon buɗe ta ko rufe ta, kuma abin da aka rufe yana nan a wani shafi dabam da mutum biyu kawai ke gani. Ba a goge gaskiya, ba a kuma yi wa kowa tallanta. Hadisin da ya ce mu koyi nasabarmu gwargwadon abin da za mu sada zumunci da shi, da wanda ya lissafa sukar nasaba cikin ayyukan jahiliyya, tare muke karanta su.

Bayanin rayayyu, kamar ranar haihuwa, sunan uwa da hotunan mata, ba ya fita fili, domin da irinsu ake damfarar banki. Zauren kuma ba kotu ba ce. Ranar da wani ya fara tambayar ko jikokin Na Gwanja suna da kaso a gonar gado, na ce masa wannan ta alƙali ce, na rufe maganar. Da na bar ta kwana ɗaya da mutanen Kumasi sun ɗauka abin da ya kawo mu ke nan, ko mu mu ɗauka abin da ya kawo su ke nan.

Sai kakannin nesa. Kusan kowane gida yana da labarin fitowa daga Madina ko Masar ko Yaman, namu ma haka. Ka rubuta shi da girmamawa a matsayin faɗar gida, sannan ka yi lissafi. Hawa ɗaya kusan shekara 30 ne. In an ce kakanku ya zo Kano zamanin Sarki Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ana bukatar suna 17 ko fiye tsakaninka da shi. In jerin naku bakwai ne, to goma sun zube a hanya, ko kuma an ɗaura jerin a jikin wani babban suna daga baya. Gidajen sarauta da na malamai masu rubutu sukan yi nisa. Mu talakawa in mun kai hawa biyar ko shida da hujja mun gode Allah. Namu ya tsaya a kan mahaifin su ukun nan da sunan ubansa, abin da ke sama da haka da launi dabam muka rubuta shi.

Aikin da ke gabanmu wannan watan shafi ɗaya ne. Mutanen Gadarif sun ce cikin ɗan abin da suka tsira da shi akwai wani littafin hannu na kakansu, a ƙarshensa ya rubuta sunansa da garinsu. Sun turo hoto, an ɗauka da dare da hasken tocila, babban yatsan mai riƙewa kuma ya sauka daidai kan kalmar da ta biyo bayan sunan uban. Malaminmu ya ce harafin farko da ke leƙowa yana iya zama ba, yana iya zama ya. Na roƙe su su sake ɗauka da rana, su ɗage yatsan, su turo a matsayin fayil. Saƙon yana nan da alama ɗaya tun ranar Talata, bai shiga ba tukuna.